Coton Sport, Filin Rumde Ajiya da Kyaututtukan Finafinai: Tambayoyi da Amsoshi Daga Ɗan Garwa

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan uwa masu karatu suka fi maimaitawa, daga Garwa da Marwa da Ngaundere, da kuma maƙwabtanmu na Yola da Mubi da Njamena. Wasu sun shafi ƙwallon ƙafa, wasu sun shafi finafinai da kyaututtukan da ake ba masu yin su. Mai amsawa magoyin bayan Coton Sport ne, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Garwa a arewacin Kamaru, tun yana yaro, kuma bai ɓoye hakan ba, saboda haka inda ra'ayi ne za a ga ra'ayi, inda tarihi ne za a ga tarihi.

Daga ina Coton Sport ta samo asali?

An kafa ta a Garwa a shekarar 1986, a ƙarƙashin inuwar kamfanin auduga na ƙasa, wato SODECOTON, wanda hedikwatarsa take a nan garin. Ta fara ne a matsayin ƙungiyar ma'aikata, ta bi ƙananan rukunoni har ta hau babban rukuni a farkon shekarun 1990, sannan ta ɗauki kofin gasar ƙasa karo na farko a 1997. Launinta kore da fari ne, kuma gidanta shi ne filin wasa na Rumde Ajiya, wanda aka gina a 1978.

Kofuna nawa ta ci?

Zuwa shekarar 2023 ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau 18, kuma babu ƙungiyar da ta kama ƙafarta a tarihin Kamaru, domin Canon ta Yawunde da ke biye da ita tana da 10 ne. Abin da ya fi jan hankali a cikin wannan lissafi shi ne shekaru shida a jere, daga 2003 zuwa 2008, da kofin bai bar Garwa ba, sai kuma uku a jere daga 2013 zuwa 2015, da wasu ukun daga 2021 zuwa 2023. Kofin ƙalubale na Kamaru kuwa ta ɗauke shi sau 7, na farko a 2003. A 2024 Victoria United ta Limbe ce ta karɓe gasar.

Malam, yaya aka yi ƙungiyar arewa ta sha gaban ƙungiyoyin Yawunde da Duwala, alhali can ne kuɗi da jama'a suke?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina, domin amsarta ce take bayyana sauran.

Kafin Coton Sport, ƙwallon Kamaru na kudu ne. Oryx ta Duwala ce ta fara ɗaukar kofin zakarun Afirka a tarihi, Canon ta ɗauke shi a 1971 da 1978 da 1980, Union ta Duwala ta ɗauka a 1979, kuma daga Canon da Tonnerre ta Yawunde ne mafi yawan taurarin da duniya ta sani suka fito. Sai dai ƙungiyoyin nan sun dogara ne ga attajirai da manyan magoya baya, kuma duk ƙungiyar da ta rataya a aljihun mutum ɗaya, ranar da aljihun ya yi sanyi ko shugabanni suka saɓa, ita ma sai ta kwanta. Coton Sport ta zo da wani tsari dabam. Tana da kamfani a bayanta mai kasafin kuɗi na shekara, tana da wurin horo nata na kanta a wajen gari, tana da makarantar renon yara, kuma ta yi suna a tsakanin 'yan wasa da cewa wuri ne da ake biyan albashi. A ƙasar da ƙorafin rashin biyan 'yan wasa ya zama ruwan dare, wannan kaɗai ya isa ya sa matashi ɗan Duwala ko Bafusam ya ɗaure kayansa ya yarda da zafin Garwa.

Akwai kuma nisa da yanayi, waɗanda ba na son a raina su. Baƙon da zai zo wasa daga Yawunde ta ƙasa sai ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, sannan ya shiga mota ya gangaro dutse ya yi tafiyar sa'o'i kafin ya tsallaka gadar Binuwai. Idan a watan Maris ko Afrilu ne, zai tarar da zafi ya haura digiri 40. To amma wanda zai ce zafi ne ya ci mana kofuna, sai ya tuna cewa mu ma irin wannan tafiya muke yi zuwa kudu kusan kowane mako biyu, mu buga cikin ruwan sama da laka, kuma mu dawo da maki. Gasar da ake bugawa wata da watanni ba a cin ta da rana ɗaya mai zafi. Ana cin ta ne da motar da ta tashi kan lokaci, da likitan da ke bin ƙungiya, da ɗan wasan da hankalinsa yake kwance don ya san iyalinsa sun ci abinci.

Me ya faru a 2008 da har yanzu dattawa ba su daina maganarsa ba?

A shekarar ce muka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka. Mun fito daga rukunin da ya haɗa da Enyimba ta Najeriya da TP Mazembe ta Kwango da Al Hilal ta Sudan, muka fitar da Dynamos ta Zimbabuwe a wasan kusa da na ƙarshe, sannan muka gamu da Al Ahly ta Masar. A Alƙahira an ci mu 2 da nema. A karawa ta biyu, a watan Nuwamba a nan Rumde Ajiya, aka tashi 2 da 2, Al Ahly ta ɗauki kofinta na shida.

Wanda ya shiga filin a ranar ba zai manta da yadda garin ya kasance ba. Tun kafin azahar 'yan kasuwa da dama suka rufe rumfuna, masu babur suka ɗaura ƙyallaye kore a madubi, kuma mutane suka zauna a kan siminti mai zafi sa'o'i kafin a busa usur, kowa da ledar ruwansa da kwalin da yake kare kai. Baƙin ne suka fara zura ƙwallo, filin ya yi tsit. Da muka farke gab da hutun rabin lokaci, muka kuma ƙara ta biyu bayan an dawo, sai na ga wani dattijo da ke gefena, mai rawani da carbi, ya miƙe tsaye yana kiran sunayen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan cikinsa. Lissafi yana nuna cewa har yanzu muna buƙatar ƙarin ƙwallaye biyu, amma a wannan lokaci babu wanda yake lissafi. Bugun fenareti da suka samu a ƙarshen wasa ne ya rufe maganar.

Ba shi kaɗai ne karon da muka kusa ba. A 2003 mun kai wasan ƙarshe na kofin CAF, wato hukumar ƙwallon Afirka, Raja ta Kasabalanka ta doke mu. A 2013 Al Ahly ta sake fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Afirka, wannan karon da bugun fenareti bayan kunnen doki gida da waje. A 2021 mun sake kai wannan mataki a kofin ƙungiyoyin Afirka na biyu a daraja, JS Kabylie ta Aljeriya ta tare mu.

To me ya sa yanzu ba ma kai wa can?

Saboda Afirka ta yi gaba da kuɗi, mu kuwa muna nan inda muke. A kakar 2022 zuwa 2023 mun shiga rukuni da Mamelodi Sundowns da Al Ahly da Al Hilal, muka buga wasa shida, aka ci mu duka shidan. Abin ya yi zafi, amma bai kamata ya ba kowa mamaki ba. Ƙungiyoyin Masar da Maroko da Afirka ta Kudu, har ma da na Tanzaniya a 'yan shekarun nan, suna iya riƙe gwarzonsu shekara biyar, su kuma sayo na wasu. Mu da zarar yaro ya haskaka kaka ɗaya, ya tafi. Mai horarwa yana gina ƙungiya a watan Oktoba, kafin Fabrairu an cire masa ginshiƙai biyu.

Na biyu, gasar cikin gida ba ta wasa mu yadda ya kamata. An sha fama da jinkirin fara kaka, da sauye-sauyen tsarin gasa, da taƙaddama tsakanin masu shirya ta, kuma ƙungiyar da ba ta samun wasa mai tsanani kowane mako ba za ta iya tsayawa gaban Sundowns ba. Ina ganin wannan ya fi rashin kuɗi illa, domin kuɗi ba a hannunmu yake ba, amma jadawalin da aka tsara aka kuma bi shi abu ne da ƙasa za ta iya yi ba tare da ta ciyo bashi ba.

Sayar da 'yan wasa alheri ne ko asara?

Duka biyun ne, kuma ba na jin akwai mai gaskiyar da zai ce a daina. Vincent Aboubakar daga nan ya tashi. Shi kaɗai ne ɗan wasan gida a tawagar Kamaru da ta je gasar cin kofin duniya ta 2010, kuma a shekarar ya koma Valenciennes ta Faransa, daga can Lorient, da Porto, da Beşiktaş. Shi ya zura ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017 a kan Masar, shi ya fi kowa zura ƙwallo a gasar kofin Afirka da aka yi a Kamaru a 2022 da ƙwallaye 8, kuma shi ya ci Brazil a gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022. Jacques Zoua da Edgar Salli 'yan Garwa ne da suka bi ta Coton Sport zuwa Turai. Ambroise Oyongo da Moumi Ngamaleu ma sun sa rigar kore, haka Souaibou Marou wanda ya je Katar yana ɗan wasanmu kafin Orlando Pirates ta ɗauke shi. Daga Nijar kuma mun ga mai tsaron gida Kassaly Daouda da ɗan gaba Kamilou Daouda, waɗanda magoya baya Hausawa suka riƙe kamar 'yan gida.

Babu uban da zai hana ɗansa tafiya inda zai samu abin da zai gina wa mahaifiyarsa gida. Abin da nake so a tambaya shi ne inda kuɗin cinikin yake komawa. Idan yana komawa makarantar yara, da filayen unguwanni, da albashin waɗanda suka rage, to sayarwar noma ce. Idan ba haka ba, muna renon 'ya'ya ne kawai domin wasu.

A gasar kofin Afirka da aka yi a nan, an ga mutanen Garwa suna goyon bayan Najeriya. Wannan ba cin amanar ƙasa ba ne?

Ko kaɗan. A watan Janairun 2022 rukunin da aka ajiye a Garwa ya ƙunshi Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau, Kamaru kuwa tana wasanninta a Yawunde. Najeriya ta ci Masar 1 da nema ta ƙafar Kelechi Iheanacho, ta ci Sudan 3 da 1, ta ci Gini Bisau 2 da nema, sannan Tunisiya ta fitar da ita a zagaye na gaba a wannan fili. Wanda ya san Garwa ya san cewa tsakaninta da Yola kogi ɗaya ne, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya, kuma Fulatanci da Hausar da ake yi a can su ake yi a nan. Mutum ya tafa wa baƙon da ya sauka a gidansa, wanda kuma ɗan uwansa ne, ba ya rage masa komai a ƙaunar ƙasarsa. Ranar da Kamaru take wasa, garin gaba ɗaya na Kamaru ne.

Ya dace a tuna cewa marigayi Issa Hayatou, wanda ya shugabanci hukumar ƙwallon Afirka daga 1988 zuwa 2017, ɗan gidan sarautar Garwa ne. Ya rasu a 2024, Allah ya jiƙansa.

An gyara fili, amma ba ya cika idan Coton Sport tana wasa. Laifin wa?

Laifin ya rabu, kuma kaso mai yawa namu ne. Matashin da zai ba da kuɗi a gidan kallo a unguwar Yelwa ko Pumpumre domin ya ga Real Madrid ko Arsenal, ya san sunan kowane ɗan benci nasu, sau da yawa ba zai iya kawo sunan 'yan wasanmu uku ba. Ba na zargin kowa da son ƙwallon Turai, ni ma ina kallo. Amma ƙungiyar Turai ba ta san da zamanmu ba, alhali yaron da ke buga wa Coton Sport baya wataƙila a layinku ya girma, kuma ihun da za ka yi masa yana jin sa da kunnensa.

A ɗaya ɓangaren, masu shirya wasa su ma sai sun taimaka. A sanar da rana da lokaci da wuri, kada a sauya a daren jajibiri. A duba lokacin sallar la'asar da zafin rana wajen sa lokaci. A tanadi wurin da magidanci zai zauna da 'ya'yansa ba tare da ya ji ashar ba. Rigar ƙungiya ta asali kuma ta samu a kasuwa da farashin da talaka zai iya.

Ban da Coton Sport, akwai wasu a arewa?

Akwai. Étoile Filante ta Garwa ta girme ta, Gazelle ta hau babban rukuni a 'yan shekarun nan har muka samu wasan hamayya na cikin gari, kuma Marwa da Ngaundere da Yagwa duk sun taɓa fitar da ƙungiyoyi. Matsalarsu ɗaya ce: babu mai ɗaukar nauyi na dindindin, ga kuɗin tafiya kudu mai karya baya.

Me ya haɗa ƙwallo da kyaututtukan finafinai har ake tattauna su wuri ɗaya?

Jama'a ɗaya ce take kallonsu, sau da yawa a ɗaki ɗaya da allo ɗaya. Gidan kallon da ya nuna wasa da yamma shi yake sa fim da dare. Sannan tambayar da ke ƙarƙashinsu ɗaya ce: me ya sa garin da ya iya tara kofuna 18 a ƙwallo bai iya kai fim ɗaya gaban alƙalan wani babban biki ba? Ba ƙarancin baiwa ba ne, domin duk wanda ya ga yadda matasanmu suke shirya gajerun wasannin barkwanci da waya, da Fulatanci da Hausa da Faransanci a haɗe, ya san akwai gwanaye. Abin da ƙwallo ta samu fim bai samu ba shi ne gida: wurin koyo, da mai biya a kai a kai, da fagen da za a nuna aiki.

Waɗanne kyaututtuka ne suke da daraja a wurin mai fim na wannan yanki?

A nahiyar nan babu kamar FESPACO, bikin da ake yi a Wagadugu tun 1969, yanzu duk bayan shekara biyu, wanda babbar kyautarsa ita ce Dokin Yennenga na zinariya. Ɗan Kamaru Jean-Pierre Dikongué-Pipa ya ɗauke ta a 1976 da fim ɗinsa Muna Moto. A cikin gida akwai Écrans Noirs na Yawunde, wanda Bassek Ba Kobhio ya kafa a 1997, kuma shi ne babbar mahaɗar masu fim na tsakiyar Afirka. A Najeriya akwai kyaututtukan finafinan Afirka na AMAA da aka fara a 2005, da na AMVCA da aka fara a 2013, wadda ta ware wa finafinan harsunan gida rukuni, har da Hausa.

Misalin da ya fi kusa da mu, a ganina, yana Cadi. Mahamat-Saleh Haroun, haifaffen Abeshe, ya samu kyautar alƙalai ta musamman a bikin finafinai na Venis ta Italiya a 2006, sannan ya samu kyautar alƙalai a bikin Cannes ta Faransa a 2010. Labaransa na mutanen Sahel ne irinmu, masu rawani da shayi da zaman tabarma, ba a yi musu kwalliyar baƙi ba. Bayan nasarar 2010 aka gyara tsohuwar silimar Normandie ta Njamena aka sake buɗe ta a 2011, kuma a 2025 Cadi ce babbar baƙuwa a FESPACO. Wannan ita ce irin kyautar da nake girmamawa, wadda amfaninta ya dawo gida har jama'a suka samu wurin zama su kalli fim.

An taɓa ba fim ɗin da aka ɗauka a arewacin Kamaru babbar kyauta?

An taɓa. A 2023 Cyrielle Raingou, 'yar Kamaru, ta ɗauki babbar kyautar bikin Rotterdam na ƙasar Holan da fim ɗin gaskiya da ta ɗauka a Kolofata, kan rayuwar yara a ƙarƙashin barazanar Boko Haram. Aiki ne na haƙuri da ya cancanci yabo. Abin da ke damuna shi ne mutanen Holan sun gan shi a babban allo, amma a nan arewa da wuya ka samu wanda ya kalla. Kuma ina fata ranar da za a san yankinmu a bukukuwan duniya da labarin da ba na yaƙi ba: labarin manomin auduga da ke jiran kuɗin kakarsa, ko masuncin Lagdo, ko matar da ke sayar da kifi a bakin gada tana biya wa 'ya'yanta makaranta.

Me ke hana finafinanmu na gida shiga irin waɗannan gasa?

Abu na farko sauti ne. Alƙali zai iya haƙuri da hoto mai rauni idan labari ya yi ƙarfi, amma ba zai zauna minti goma yana sauraron iska da ƙarar babur sun danne maganar jarumi ba. Na biyu rubutun labari: yawancin ayyukanmu ana fara ɗauka ne da labari a ka, kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, sai fim ya yi tsawo ba tare da ya je ko'ina ba. Na uku fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo. Fim ɗin Fulatanci ko Hausa ba zai wuce matakin tantancewa ba sai da fassarar Faransanci ko Turanci mai kyau, kuma wannan aikin gwani ne, ba na wanda ya ɗan iya ba.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne kasuwa. Manyan gidajen silima na ƙarshe a Kamaru sun rufe a 2009, kuma waɗanda aka buɗe daga 2016 suna Yawunde da Duwala ne. A nan fim yana yawo ne ta hannun masu turawa a waya. Ka tsaya a rumfar ɗayansu da yamma ka gani: kwamfuta ɗaya, wayoyi goma a jere a kan tebur kowace da igiyarta, yara da matan aure da 'yan babur suna jira, ana cika musu katin waya da finafinai a kan kuɗi kaɗan. Mai rumfar yana neman halaliyarsa, ba na ganin laifinsa, amma ko sefa ɗaya ba ta komawa ga wanda ya sayar da babur ɗinsa ya yi fim ɗin. Wanda bai mayar da kuɗin fim na farko ba, ba zai sayi na'urar sauti domin na biyu ba.

Kannywood tamu ce ko ta baƙi?

Tamu ce gwargwadon yadda Hausa take tamu. A gidajen Garwa da Marwa da Kuseri ana bin finafinan Kano masu dogon zango mako-mako, ana sanin jarumai kamar maƙwabta, kuma masana'antar ta karɓi 'yan wasa daga ƙasashe maƙwabta. Da aka naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar finafinai ta Najeriya a 2024, a nan ma an yi murna. Sai dai kallon na Kano bai ɗauke mana nauyin yin namu ba. Hausar Garwa tana da nata ɗanɗano, da Fulatanci da Faransanci a cikinta, kuma rayuwar Bahaushen Kamaru, wanda ya yi makarantar allo da safe ya yi ta Faransanci da rana, ba wanda zai ba da labarinta daidai sai shi.

Shin kyautar fim tana nuna fim ɗin da ya fi kyau, kamar yadda kofi yake nuna ƙungiyar da ta fi ƙarfi?

Ba daidai suke ba. A ƙwallo kowa yana ganin raga ta motsa, kuma bayan wasa talatin tebur ba ya ƙarya, ko da alƙalin wasa ya yi kuskure nan da can. A fim mutane kaɗan ne suke zama su yanke hukunci bisa ɗanɗanonsu, kuma wani kwamitin zai iya zaɓar wani fim dabam. Inda kuma aka ce masu kallo ne za su zaɓa ta waya ko intanet, abin da ake aunawa shi ne yawan mabiyan jarumi da ƙoƙarinsu wajen dannawa, ba ingancin aiki ba. Saboda haka idan aka ce wane ya ci kyauta, ina fara tambayar wa ya bayar, su wa suka yi alƙalanci, kuma finafinai nawa aka gwada. Akwai bukukuwan da suke ɗaga sana'a, akwai kuma waɗanda taron sa kaya ne da ɗaukar hoto.

Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, fa? Akwai ranar da fim ɗin Hausa ko Fulatanci zai kai can?

Ƙofar a buɗe take a ƙa'ida. Kowace ƙasa tana iya aika fim ɗaya a shekara zuwa rukunin finafinan ƙasashen waje, da sharaɗin mafi yawan maganar cikinsa ba Turanci ba ce, kuma wannan sharaɗi ne ya sa aka cire fim ɗin da Najeriya ta aika a 2019. Daga baya Najeriya ta aika finafinan da aka yi da Hausa, wato The Milkmaid da Mai Martaba, Kamaru da Cadi ma sun sha aikawa. Amma aikawa dabam, shiga jerin biyar na ƙarshe dabam, domin wannan yana buƙatar kuɗin talla mai yawa a Amurka. Daga Afirka, Aljeriya da Kodebuwa da Afirka ta Kudu ne suka taɓa ɗaukar wannan kyauta. Ni dai ban ga dalilin da mai fim a Garwa zai sa Oscar a gabansa ba alhali bai gwada Yawunde da Wagadugu ba.

Ni matashi ne a Garwa, ina so fim ɗina ya shiga gasa. Ta ina zan fara?

Ƙanena, ka fara da gajeren fim, na minti goma zuwa goma sha biyar, domin kusan kowane biki yana da rukunin gajerun finafinai kuma nan ne sababbi suke shiga. Ka rubuta labarin a takarda har ƙarshe kafin ka kira kowa, ka karanta wa mutum biyu da ba sa jin nauyin gaya maka gaskiya. Idan kuɗinka kaɗan ne, ka kashe mafi yawansa a kan sauti, ka ɗauki hoto da sassafe ko bayan la'asar lokacin da rana ta yi laushi. Ka nemi izinin masu wurin da za ka yi ɗauka da na hukuma, kuma kada ka sa waƙar wani ba da yardarsa ba, domin wannan kaɗai yana iya sa a ƙi karɓar aikinka. Ka ba wanda ya ƙware a Faransanci aikin fassara, ka biya shi. Kada ka saki fim ɗin a YouTube ko ka ba masu turawa kafin ka aika shi, saboda bukukuwa da yawa ba sa karɓar abin da ya riga ya bazu. Écrans Noirs da FESPACO suna sanar da lokacin karɓar finafinai watanni kafin biki, saboda haka ka riƙa bibiyar shafukansu, ka tanadi taƙaitaccen bayanin labarin da hotuna da tarihinka a rubuce tun kafin a buɗe.